Bayan Yaƙi da Jahilci, Me Za a Karanta?

Yau daga Unguwan Romi nake magana, kuma wata tambaya ce ta kai ni tonon tarihi.

Akwai ajin yamma da muke yi wa manya, yawancinsu mata 'yan kasuwa. Wata dattijuwa mai sayar da hatsi ta shekara tana zuwa, har ta iya haɗa baƙi. Rannan ta ce min, "Ɗana, to yanzu me zan riƙa karantawa?" Na duba kantar littattafan da aka ba mu kyauta. Duk Turanci ne, wani ma labarin dusar ƙanƙara yake yi. Babu ko ɗaya na lissafin kasuwa, alhali abin da ya kawo ta ke nan: ta rubuta bashi da hannunta, ta karanta alat da kanta idan an ce mata kuɗi sun shiga. Wallahi kunya ta kama ni.

To ashe na gabanmu sun yi wannan tunanin. Da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauko gangamin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie na cikin jagororinsa, ba a tsaya kan allo da alli ba. An gane cewa babban mutum idan ya koyi karatu bai samu abin karantawa ba, mantawa zai yi. Shi ya sa aka kafa hukumar NORLA a Zariya, wajen 1954, kusa da kamfanin Gaskiya da ke buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa tun 1939. NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha, da boko da ajami, da Hausa da wasu harsunan Arewa. Har jaridun larduna ta fitar: Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Ku duba fa, manomi ya gama aji, ga labarin lardinsu cikin harshen da yake ji. Ni a ganina ma'aunin ingancin laburare na farko ke nan: wanda ya koyi karatu jiya, zai samu abin da ya dace da shi yau?

Amma kada mu yi wa tarihin kwalliya. NORLA ba ta wuce 1959 ba. Ɗakunan karatu kuwa, waɗanda aka fara buɗewa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don yaɗa labarin yaƙi, suna hannun En'e, kuma galibi masu kula da su ba su da horon aikin. An kafa laburaren Jihar Arewa a nan Kaduna a 1952. A 1963 wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto kan buƙatun laburare a Arewa, ya matsa kan horar da ma'aikata, daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968. Wato ma'auni na biyu mutum ne, ba gini ba. Wanda zai zauna da dattijuwa ya nuna mata shafi ba tare da ya raina ta ba.

Na ƙara nawa guda: lokaci da nisa. Mai sayar da hatsi ba za ta rufe rumfa da rana ta biya kuɗin mota ta tsallaka kogi zuwa cikin gari don littafi ba.

Yanzu dai mun sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, ita ke faɗa muna rubutawa: farashin mudu, wanda ya ci bashi, abin da ya rage. Shi take karantawa da dare. Mai tsofaffin littattafan Hausa a gida, ko da bangonsu ya yage, ya yi mana magana.