AMSOSHIN TAKARDUNKU: Shin Dole Ne Arziki Ya Zo Da Hayaƙi?

Wani mai sauraronmu daga Babura ya aiko da takarda yana tambaya: wai gaskiya ne babu ƙasar da ta yi arziki sai da ta gurɓata iska? In haka ne, don me ake ce mana mu rage hayaƙi alhali ba mu kai ko'ina ba?

To, malam, mun gode da wannan tambaya. Hayaƙin da ake magana a kai shi ne iskar kabon, wadda ke fita duk lokacin da aka ƙona kwal ko fetur ko gas ko itace. Ita ce ke taruwa a sararin sama tana tsare zafin rana, duniya na ƙara ɗumi.

Labarin ya faro ne daga Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, sa'ad da aka soma tuƙa injuna da kwal. Kafin nan, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar da muke shaƙa. Yau ta haura 420. Jamus da Amurka suka bi sahun Ingila, daga baya Sin ta shigo da ƙarfinta, har ta wuce Amurka wajen fitar da hayaƙi a wajejen 2006. Wato kusan shekara ɗari biyu, duk inda masana'antu suka ƙaru, hayaƙi ya ƙaru.

Mu dawo gida. Lokacin da Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure, wajen 1819, da jaki da raƙumi ake fatauci, itace kuwa shi ne makamashi. A 1909 aka gano kwal a yankin Inugu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman ƙasar nan suka shiga noma don sayarwa. Aka samu man fetur a Oloibiri a 1956. Daga nan sai motocin haya a hanyar Kano zuwa Daura, sai injin niƙa, sai babur, sai janareta da injin ban-ruwa na masu noman rani a bakin dam ɗin Kazaure. Kowane ɗayansu ya sauƙaƙa rayuwa, kowanne kuma da nasa hayaƙin.

Amma fa a auna. Ɗan Nijeriya ɗaya, in an raba, bai fi rabin tan da 'yan kai yake fitarwa a shekara ba, na Amurka kuwa wajen tan 14. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. Duk da haka mu ne a bakin hamada, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 sun nuna wa Jigawa abin da rikicewar damina ke jawowa.

Shin ana iya raba arziki da hayaƙi? Ana iyawa. Daga 1990 zuwa yau Birtaniya ta rage nata da kusan rabi, tattalin arzikinta kuma ya ci gaba da bunƙasa. A Satumban 2024 ta rufe tasharta ta ƙarshe mai aiki da kwal. Sai dai wani ɓangare na kayan da take amfani da su a Sin ake ƙerawa, hayaƙin a can ake lissafa shi.

A wajenmu kuwa, akwai hayaƙin da talauci ke kawowa. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta wuce 500. Mai hali ya sayi faifan sola ya haɗa da famfonsa, ya huta da sayen fetur. Marar hali ya ƙara dogara ga itace da gawayi, kuma kowace bishiya da aka sare a Roni ko Gwiwa, ƙofa ce aka buɗe wa rairayi.

Saboda haka, malam, ba wanda ya isa ya hana mu neman arziki. Nijeriya ta yi alkawari a Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Abin da ya kamata ku tambayi wakilanku shi ne: yaushe rancen sayen famfon sola da gas mai rahusa za su iso ƙauyukanmu?

Da fatan ka gamsu. Sai mun sake jin ku.