Mawaƙan da Las Vegas Ta Hana wa Makwanci

Tun bayan da jihar Nevada ta halatta caca a 1931, masu gidajen caca na Las Vegas suka fahimci cewa teburin karta kaɗai ba ya riƙe baƙo har asuba. Sai an haɗa da kiɗa da rawa da mawaƙin da mutane za su yi tattaki domin su gani. Shi ya sa a shekarun 1950 otal-otal irin su Flamingo da Sands, da ke jere a babban titin da ake kira Strip, suka shiga gasar ɗauko fitattun mawaƙa, har da baƙaƙen fata irin su Nat King Cole da Sammy Davis Jr.

Sai dai karramawar ba ta wuce dandamali ba. Galibi mawaƙi baƙar fata ta ƙofar kicin yake shiga. Idan ya gama, tafi bai lafa ba zai kama hanyar Westside, unguwar baƙaƙe da ke bayan layin dogo, ya kwana a gidan haya. Otal ɗin da sunansa ke haskawa a ƙofarsa ba zai ba shi ɗaki ko abinci ba. Har aka riƙa yi wa birnin laƙabi da "Mississippi ta Yamma".

A watan Mayun 1955 aka buɗe Moulin Rouge a Westside, otal da gidan caca na farko a birnin da bai ware kowa ba. Tsohon zakaran damben duniya Joe Louis ne ke tarbar baƙi. Wasan da ake farawa ƙarfe biyu da rabi na dare ya fi jan jama'a, domin lokacin an tashi a Strip, taurari farare da baƙaƙe sukan kwararo nan, masu kuɗi na biye da su. Mujallar Life ta buga hoton 'yan rawarsa a bangonta. Duk da haka, cikin wata shida bashi ya rufe shi.

A 1960, Dakta James McMillan, likitan haƙori kuma shugaban reshen ƙungiyar NAACP, ya yi barazanar jagorantar zanga-zanga a Strip. Da wuya a ce tausayi ne ya motsa masu otal. Hoton tarzoma a jaridu shi ne abin da kasuwar shaƙatawa ba za ta iya jurewa ba. Ranar 26 ga Maris, Gwamna Grant Sawyer da shugabannin baƙaƙe da jami'an birni suka zauna a cikin rufaffen Moulin Rouge, aka amince a buɗe ƙofofi ga kowa.

Shiga ta samu, amma aiki bai samu ba. Baƙaƙe suka ci gaba da shara da wanke-wanke, sai a 1971 yarjejeniyar kotu ta tilasta ɗaukar su aikin rabon karta da sauran ayyukan da baƙo ke gani. Ginin Moulin Rouge kuwa, gobara ta cinye mafi yawansa a 2003.