Daga Mazarƙwaila Zuwa Sakarin: Zaƙi da Mai Ciki a Ƙasar Zazzau

Cikina na fari yana wata bakwai, a damunar 1981, uwar mijina ta same ni a tsakar gida a Samaru ina shan rake. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo hannu ta karɓe sauran gaɓoɓin, ta ce, "Ke 'yar nan, zaƙi kike tarawa. Ranar haihuwa shi zai tare miki hanya." Washegari ta aiko mini da jiƙo a kwalba, mai ɗacin da har yau ina jin sa a maƙogwaro, ta ce in riƙa kurɓa safe da yamma. Maganin zaƙi ke nan.

Duk macen da ta haihu a ƙasar Hausa ta san wannan magana. A fahimtar iyayenmu, kayan zaƙin da mai ciki ta ci yana taruwa a mararta, ya zama yauƙi mai kauri, kuma sai ya fita sannan ɗa ya samu hanya. In naƙuda ta yi tsawo sai ka ji tsofaffi suna cewa zaƙi ne bai gama zuba ba. Likitoci ba su yarda da wannan bayani ba, kuma suna gargaɗi a kan jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Amma ni ban taɓa raina tsofaffin nan ba, domin akwai abin da idonsu ya gani. Macen da ciwon sukari ya kama tana da ciki takan haifi ɗa mai girman da ya wuce kima, haihuwar ta zo da wahala. Sun ga wahalar, sun kuma danganta ta da zaƙi, tun ba a fara auna jini ba.

Abin lura shi ne, zaƙin da suke tsoro a fili yake, kowa ya san asalinsa. Zuma ce daga amya. Maɗi ne da ake dafawa daga ɗinya. Garin ɗorawa ne, da dabinon da fatake ke kawowa daga arewa, da takanɗa lokacin kaka. Uwa uba rake, wanda ƙasar Zazzau ta yi suna a kansa, daga fadamun Galma zuwa Makarfi da Kudan da Hunkuyi. Ina yarinya mahaifina ya taɓa kai ni wani ƙauye a hanyar Makarfi inda ake yin mazarƙwaila. Doki ne ake ɗaura wa doguwar sanda, yana ta zagaye, injin ƙarfe yana matse karan rake, ruwan yana tsiyaya cikin mazubi. A juye shi a faffaɗan kasko, a yi ta iza wuta da ɓawon raken da ya bushe, ana kwashe kumfa, har ya yi kauri ya koma ja. Daga nan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Ƙamshin wurin kan bi mutum har gida. Mace mai ciki in ta gutsuri mazarƙwaila, kowa a gidan ya ga girman abin da ta gutsura, kuma akwai mai cewa ya isa.

Farin sukari ta hanyar jirgin ƙasa ya shigo mana. Dogo ya iso Zariya a wajajen 1911, Sabon Gari ta tashi a gefen tasha, kamfanonin Turawa irin su John Holt suka buɗe kantuna, suna sayen gyaɗa da auduga, suna sayar da atamfa da gishiri da sukari. Samaru kuwa ta fara ne da gonar gwaji ta 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962, ma'aikata da ɗalibai suka cika gari, shayi da burodi suka zama karin kumallo. A gidanmu na Sabon Gari, inda mahaifina yake aikin reluwe, sukari mai ƙwaya ake saya a kwali, kuma ƙirga shi ake yi. Ƙwaya biyu a kofi, ta uku sai baƙo. Har masana'antun gida aka kafa, Bacita a jihar Kwara da Numan a Adamawa, amma ba su taɓa wadatar da ƙasar ba, yawancin sukarinmu daga waje yake zuwa.

Wannan dogaro da waje shi ya buɗe wa sakarin ƙofa. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kuɗin sukari ya tashi. A lokacin ina haɗa albashin koyarwa da sayar da zoɓo da ƙanƙara, yara suna kai mini bakin kasuwar Samaru. Wata maƙwabciya ta nuna mini wani farin gari mai ƙyalli da ake sayarwa a ƙulle-ƙullen leda a kasuwar Sabon Gari. Ta ce, "Maman yara, ɗan wannan da za ki ɗiba a kan tsinken ashana ya fi miki gwangwanin sukari." Gaskiya ta faɗa. Na yi wata da watanni ina zuba shi a bokiti da ƙiyasin ido, kuma cikin masu sayen zoɓon nan akwai mata masu ciki da ke dawowa daga awo. Ban taɓa gaya wa ko ɗaya abin da ke ciki ba, don ni ma ban san mene ne ba. Abin yana damuna har yanzu.

Sai daga baya na karanta tarihinsa. A 1879 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Constantin Fahlberg ya gano shi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, yana bincike a kan sinadaran da ake tatsa daga kwal. Ya fi sukari zaƙi kamar sau 300, kuma jiki ba ya samun kuzari ko kaɗan daga gare shi. Ya bazu a Turai lokacin yaƙe-yaƙen duniya, da sukari ya yi wuya, kamar dai yadda tsada ta kawo mana shi. A 1977 hukumar abinci ta Amurka ta nemi hana shi, bayan wani gwaji a Kanada ya nuna yana jawo wa ɓeraye sankarar mafitsara. Aka tsaya a kan rubuta gargaɗi a jikin kaya, har zuwa 2000 da aka janye gargaɗin, saboda an gano cewa hanyar da yake cutar da ɓera ba ta aiki a jikin mutum.

Game da mai ciki kuwa, an tabbatar sakarin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, shi ya sa likitoci da yawa ke cewa gara ta bar shi. Ƙannensa da suka biyo baya, aspartam na 1965 da sukralos na 1976, su ne a yawancin lemukan kwalba da ake rubuta wa "babu sukari", kuma hukumomin abinci sun amince mai ciki ta sha su daidai gwargwado, ban da mai wata cutar gado da ke hana jiki sarrafa sinadarin fenilalanin, wadda aspartam bai dace da ita ba. Duk da haka, wani bincike da aka buga a 2010, a kan mata masu ciki kusan 59,000 a Denmak, ya nuna masu shan irin waɗannan lemuka kullum sun fi yawan haihuwar bakwaini, ko da yake bai tabbatar lemun ne sanadi ba. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da su don rage ƙiba.

Duk wannan muhawara a kan awo take. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙayyade miligiram 5 na sakarin a rana ga kowane kilo na nauyin mutum, wato miligiram 300 ga mace mai kilo 60. To wa yake aunawa a bokitin zoɓo? Wa yake aunawa a kunun aya da kunun zaƙi da yogot ɗin leda da alewar yara? Ga abin da ya fi ci mini rai: mai ciki talaka takan sayi kunu ne don ya riƙe mata ciki, sai harshenta ya ji zaƙi, jikinta da na ɗanta ba su samu abin da ta biya kuɗi dominsa ba. Tun da naira ta sake faɗuwa a 2023 abin ya dawo sabo, har hukumar NAFDAC ta gargaɗi masu gidajen burodi su daina sa sakarin a madadin sukari.

Zariya ta taɓa ganin irin wannan. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na jami'a suka bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. An daɗe ana faɗa a wurin awo kafin mata su fara ragewa, amma sun rage.

Bara 'yata ta zo goyon ciki, na ga ta sayo zoɓo mai sanyi a Kwangila. Na ɗanɗana, na ji ɗan ɗacin nan mai kama da ƙarfe da ke biyo bayan zaƙin, wanda ba zan taɓa mantawa ba. Na ce ta ajiye. Ta ce, "Umma, ke ma kin koma irin su Kaka?" Na dafa mata wani da citta da kanumfari da dabino uku.

'Yan'uwana masu sana'ar zoɓo da kunu a Samaru da Sabon Gari, na san tsadar sukari, na kuma san riba ba ta da yawa. In kun sa sakarin, ku faɗa wa mai ciki kafin ta miƙo kuɗi. Ma'aikatan awo kuma, don Allah ku sa wannan cikin bayanin da kuke yi wa mata da safe. Ke kuma mai ciki, in an ce sukarinki ya hau, kada ki sayi farin garin nan na leda da sunan magani, ki koma wurin likita ki tambaye shi abin da za ki sha.