Ciyar da Bakwaini ta Jijiya da Ciwon Hanta

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin yadda likitoci suka koyi ciyar da bakwaini ta jijiya, da ciwon da ya biyo bayan haka.

Kin san iyayenmu sun daɗe suna renon bakwaini. Akan naɗe shi da auduga, a ajiye shi a ɗaki mai ɗumi, a tatsi nono ana ɗiga masa. Wanda ya iya haɗiya yakan rayu da ikon Allah. Wanda hanjinsa bai ƙosa ba kuwa, ko aka haife shi da hanji a toshe, ba dabarar da ake da ita, ko a nan ko a Turai. Ƙarin ruwan da kika sani, ruwa ne da gishiri da sukari, ba ya gina jiki.

A 1961 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Wretlind, ya haɗa wani ruwan mai daga waken soya wanda ake iya sa wa mutum a jijiya. A 1967 kuma, a birnin Filadelfiya na Amurka, Dakta Stanley Dudrick da abokan aikinsa, bayan sun gwada a kan 'yan kwikwiyo, suka ciyar da wata jaririya da aka haifa kusan ba hanji. Ta jijiya kawai take samun abinci, ta yi ƙiba, ta girma, ta rayu wata 22. Daga nan asibitocin duniya suka ɗauka, jarirai masu yawa suka tsira.

To, ba a jima ba sai aka ga wata illa. A 1971 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani bakwaini da aka ciyar ta jijiya fiye da wata biyu, ya rasu, aka duba aka tarar hantarsa ta lalace. Ga dalili. In kina gyaran kaza kin san matsarmamar nan da ke manne da hanta. Ruwan ɗacin da ke cikinta hanta ce ke yinsa, kuma sai abinci ya shiga hanji yake gangarowa. Idan an daɗe ba abin da ya bi ta baki, sai ya tsaya ya taru, ya cutar da hanta. Ga hantar bakwaini ba ta yi ƙwari ba, ga ƙwayoyin cuta da kan bi robar jijiya su shiga jini, ga kuma wasu sinadarai na man waken soya da ke ƙara mata nauyi.

Magani ya zo ta hanya biyu. Ta farko, aka gane cewa ɗan nonon uwa, ko da ɗigo kaɗan ne ta siririyar roba a hanci, yana tada hanji ya sa ɗacin ya gudana. Ta biyu za ta ba mutanen Argungu sha'awa, garin da ake bikin kamun kifi tun 1934. A 2004 likitocin asibitin yara na Boston suka musanya man soya da man kifi ga wani jariri mai wannan ciwo, hantarsa ta farfaɗo. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Amma ki ji da kyau, wannan mai ne da aka tace don jijiya. Kada ki ɗura wa jariri man kifi ko man shanu ko jiƙo.

Irin wannan ciyarwa tana da tsada, ba kowane asibiti ke yinta ba. Abin da ke hannunki ya fi sauƙi. A 1978 a Bogota ta ƙasar Kolombiya, da kwalaben jarirai suka yi ƙaranci, Dakta Edgar Rey ya sa iyaye mata su ɗaura bakwaini a ƙirji, fata da fata. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara hakan tun daga haihuwa.

Saboda haka 'yar uwa, in an kwantar da ɗanki a kwalba, ki riƙa tatsar nono kina ba ma'aikata, har da dakashi, kada ki zubar. Bayan an sallame ku, ki lura da abu uku: idon da ya ci gaba da zama rawaya bayan mako biyu, fitsari mai duhu da ke rina zane, da kashi fari-fari kamar alli. Wannan ba shawarar da ke wucewa da kanta ba ce, shanya yaro a hantsi ba ya maganinta. Ki gaya wa maigida ko uwar miji a ranar, kada a ce sai an gama wanka. A kai shi babban asibitin Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, a auna jininsa. In an tare da wuri, hantar yaro takan warke.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba masu jego lafiya. Sai mun sake saduwa.