Bindigar Wasa da Bindigar Tsira: Abin da Tarihin Zuru Ke Faɗa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara tsofaffin ƙananan bindigogin gasar harbi, su goge su, su adana, ranar hutu kuma su je fili su gwada saiti a kan takarda. A Zuru, garin da ya yi suna wajen haifar sojoji, wannan al'ada ba ta taɓa kafuwa ba, duk da yawan gwanayen harbi. Dalilin yana cikin tarihin dokokin da suka fayyace wanda zai riƙe wace irin bindiga.

Asalin bindigar wasa Faransa ne. A 1845 Louis-Nicolas Flobert ya ƙera wani ɗan ƙaramin harsashi da ke kama wuta idan aka daki gefen gindinsa, maimakon tsakiya. Ƙarfinsa kaɗan ne, har masu hali kan yi gasar harbi da shi cikin ɗaki. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da bindigarsa mai irin wannan harsashi a 1857, sannan a 1887 aka samu nau'in .22 Long Rifle, mai faɗin kimanin milimita 5.6, wanda har yau da shi ake gasar harbin mita 25 a wasannin Olamfik. Arharsa da rashin girgiza hannu suka sa ya dace da koyo da gasa. Daga nan bindigogi irin su Colt Woodsman ta 1915 da Ruger Standard ta 1949 suka zama abin nema ga masu tarawa.

Shekaru uku kacal bayan fitowar wancan harsashi, aka zana wa Afirka wata hanya dabam. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa mutanen mafi yawan nahiyar bindigogin zamani, ta bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wannan ita ce kakar adakar da maƙeran karkara suka iya ƙerawa da gyarawa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya, a tsaya a sake ɗuri.

Bindigar zamani ta iso ƙasar Zuru ne tare da kakin soja. Turawan mulki, waɗanda suka kafa rundunar Afirka ta Yamma ƙarƙashin Lugga a 1897, sun ɗauki Dakarkari, masu kiran kansu Lelna, a matsayin mutane masu jarumta da juriya. Ana yawan danganta wannan juriya da al'adar golmo, inda saurayi kan shafe shekaru yana noma wa surukansa kafin a ba shi mata. Aikin soja ya zama gado a gidaje da dama, har ƙasar ta fitar da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, hafsan sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya mulki jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985. Sai dai bindigar da sojan Zuru ya gwanance a kanta ta hukuma ce. Ranar da ya ajiye kaki, a ma'ajiyar makamai yake barin ta.

Dokar Makamai ta 1959 ta tabbatar da wannan rabo. Ta kasa bindigogi gida uku: adaka da danginta, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu, bindigogin farauta, da ke hannun Sufeto Janar, sai haramtattu, waɗanda ba a mallakarsu sai da izinin shugaban ƙasa. Ƙananan bindigogin hannu duka suna kashi na uku, layi ɗaya da mashinga da gurneti. Ke nan abin da Bature ke rataye wa a bango don sha'awa, a Najeriya yana iya kai mai shi kurkuku.

Wannan tsohon rabo ya nuna nauyinsa a watan Maris na 2022, lokacin da 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba na masarautar Zuru, suka kashe sama da 60. Galibin makaman 'yan sa-kai ƙirar gida ne, maharan kuwa da AK-47 suke yawo, doka ba ta dame su ba. Tsohuwar bindiga da a wasu ƙasashe ake ajiyewa cikin akwatin gilashi don tarihi, a ƙauyukan Sakaba da Danko-Wasagu har yanzu tana jingine bayan ƙofa, kuma manomi na dogara da ita idan dare ya yi.