Ƙa'idojin raɗa wa karnukan gasa suna a Turai da Amurka

A Turai da Amurka, karen da ke da takardar asali yakan ɗauki suna biyu: sunan rajista, wanda ake rubutawa a kundin ƙungiyar masu kiwo, da sunan kira, wanda ake amfani da shi a gida. Karen da ya lashe gasar Westminster ta birnin New York a 2008 duniya ta san shi da Uno, amma a takarda sunansa K-Run's Park Me In First.

Tsawon irin wannan suna yana da dalili. Yawanci wani ɓangarensa sunan gidan kiwo ne, wanda mai shi ya yi wa rajista kamar tambarin kasuwanci, ba kuma wanda zai yi amfani da shi sai da izininsa. Da ganin sunan, masana kan gane gidan da kare ya fito, su bi salsalarsa. Al'adar ta daɗe: a 1899 Max von Stephanitz ya sayi wani kare mai suna Hektor Linksrhein, ya sauya masa suna zuwa Horand von Grafrath. Shi ne na farko a kundin jinsin German Shepherd, wanda aka fi sani da Alsatian a Najeriya.

Kowace ƙungiya da nata ƙa'idojin. Kennel Club ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1873, ta shar'anta cewa suna ya wuce kalma ɗaya, kada kuma ya haura haruffa 24, har da sunan gidan kiwo. American Kennel Club, wadda ta samo asali a 1884, ta ƙayyade gurabe 36, ana iya kaiwa 50 idan an biya ƙarin kuɗi. Ta haramta kalmomin batsa da na cin mutunci, da kalmomi irin su Champion, domin wannan lambar yabo ce da ake samu a fagen gasa. Ta kuma yarda karnuka 37 kaɗai na jinsi guda su yi tarayya a suna ɗaya.

A Faransa shekarar haihuwa ce ke zaɓar harafin farko, tsarin da aka soma a 1926. An cire haruffan K, Q, W, X, Y da Z saboda ƙarancin sunayen da suka fara da su, don haka zagayen kan ɗauki shekara 20. Harafin 2024 shi ne V, na 2025 kuwa A. A Jamus lissafin na bin haihuwa ne: ƴan kwikwiyon da gidan kiwo ya fara samu duk sunayensu kan fara da A, na haihuwa ta biyu da B, haka har ƙarshe.

Gaggawa wajen zaɓe na da illa, domin gyara ba ya da sauƙi. A Amurka, da zarar kare ya ci lambar yabo a gasar ƙungiyar, ko an yi wa ƴaƴansa rajista, sunansa ya zauna ke nan. Shi ya sa masu kiwo kan binciki kundin rajista tukuna. Sunan kira kuwa sukan zaɓi gajere, mai gaɓa ɗaya ko biyu, wanda bai yi kama da kalmomin umarnin da ake horar da karen da su ba.

Waɗannan ƙa'idoji sun shafi har Azawakh, karen farauta na yankin Sahel da ke Mali da Nijar da Burkina Faso, wanda ƙungiyar Amurka ta ba cikakken matsayi a 2019.

Ga mai niyyar sayen kare daga waje, sunan rajista hujja ce ta ciniki. Ya kamata ya gwada sunan da lambar da ke takarda da lambar ƴar na'urar shaida da aka dasa a ƙarƙashin fatar karen, sannan ya tuntuɓi ƙungiyar da ta bayar da takardar kafin ya biya kuɗi.