Daga Challawa zuwa Nguru: ruwan da ya haɗa masana'antun Kano da dausayin Haɗeja

A arewacin Najeriya damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Sauran shekara rani ne: hunturu da ƙurarsa, sannan bazara mai zafin da kan haura digiri 40. Kano kan samu ruwan sama kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara, amma idan aka nausa arewa maso gabas zuwa Nguru a Jihar Yobe, abin kan sauko zuwa kusan milimita 500. A irin wannan ƙasa, rayuwar mutum da dabba da tsuntsu tana bin kogi ne. Kogunan da suka ratsa yankunan masana'antu na Kano kuwa suna cikin waɗanda ke shayar da ɗaya daga cikin wurare mafi yalwar halittu a Afirka ta Yamma, wato dausayin Haɗeja da Nguru.

Hanyar da ruwan ke bi

Kano tana da manyan yankunan masana'antu uku. Bompai ita ce mafi daɗewa, tun zamanin Turawan mulkin mallaka, sai Sharaɗa da Challawa da suka biyo baya. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun Bompai yana shiga rafin Getsi, ya haɗe da Jakara, ya gangara zuwa madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, wanda masana'antun Challawa ma suke gaɓarsa.

Kogin Challawa yana haɗuwa da Kogin Kano a wajajen Tamburawa. Daga nan ruwan ya wuce ta Wudil, ya shiga Jihar Jigawa da sunan Kogin Haɗeja. Bayan garin Haɗeja ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai tuddan yashi, don haka kogin yakan rarrabu ya malale, ya gamu da ruwan Kogin Jama'are mai fitowa daga tsaunukan Jos. Abin da ya rage ya bi Kogin Yobe ta Gashuwa zuwa Tafkin Chadi.

Arzikin dausayin

Wannan malalar ce ta haifar da fadamu da tafkuna a tsakiyar ƙasa mai fari. An ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 370 a yankin. Akwai na gida kamar ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, akwai kuma baƙi masu tsallako Hamadar Sahara daga Turai da Asiya domin su yi hunturu a nan. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko a Najeriya. Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe sun shiga jerin a 2008.

Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani da ke zaune a yankin sun tsara shekararsu bisa hawa da saukar ruwa. Idan kogi ya cika, ana noman shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu. Idan ruwa ya fara janyewa, sai a bi danshin da ya bari da wake da kayan lambu. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa, su banda su a kai kasuwannin birane. Da rani makiyaya kan sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da daji ya bushe. Kabar goruba kuma ta zama tabarma da igiya. Gida ɗaya kan haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan sana'o'i, ta yadda in ɗaya ta ƙi, wata ta riƙe shi. Ruwan da ya kwanta a fadama shi ne kuma yake nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogin.

Abin da madatsun ruwa suka sauya

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, daidai lokacin da yankin ke farfaɗowa daga farin farkon shekarun 1970. Ta Challawa Gorge da ke ƙasar Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Amfaninsu a bayyane yake: ruwan sha ga birnin Kano, da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, inda tumatir da shinkafa da alkama ke fitowa.

Sai dai sun sauya ɗabi'ar kogin. Ambaliyar damina da fadama ta dogara da ita ta ragu, sannan ana sakin ruwa da rani, lokacin da a da mashigai kan bushe ƙaf. Rashin bushewar ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa. Inda ta toshe, wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma ya daina isa gare su. Kacalar ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Wani nazari da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa, idan aka auna da yawan ruwan da aka yi amfani da shi, abin da fadamar ke samarwa na noma da su da itacen girki ya zarce na aikin noman rani na Kogin Kano nesa ba kusa ba.

Ruwan masana'antu da lambunan birni

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, kuma har yau birnin ne cibiyar kamfanonin sarrafa fata a ƙasar nan. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta. Ta zamani kuwa tana amfani da sinadarin kuromiyam da gishiri da farar ƙasa, masaƙu kuma na zubar da ruwan rini. Bincike da dama na jami'o'in ƙasar nan, ciki har da Jami'ar Bayero, sun gano kuromiyam da dalma da makamantansu a ruwan Challawa da Salanta da Jakara, a wasu wurare fiye da ƙa'idar lafiya. Irin waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Sukan kwanta a laka, su shiga jikin kifi da ganyen da aka shayar da ruwan.

Duk da haka, a gaɓar Jakara da Getsi, a wurare irin su Kwakwaci, manoman lambu sun daɗe suna noman latas da kabeji da alayyahu da wannan ruwa, domin shi kaɗai ne ba ya yankewa da rani. Su ma dabarar zama a ƙasa mai ƙarancin ruwa suke yi, kamar takwarorinsu na Nguru, sai dai ruwan da ya rage musu gurɓatacce ne. Kayan nasu kuwa kasuwannin birni suke shiga.

Wa ke da alhaki

Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da manyan madatsun da tsarin sakin ruwansu. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke da hurumin tabbatar da cewa masana'antu sun tace ruwansu kafin su sake shi, tare da ma'aikatun muhalli na jihohi. Masana ruwa sun daɗe suna nuna matakai uku: a riƙa sakin ruwan madatsu da damina yadda zai kwaikwayi ambaliyar asali, a yashe mashigan da kacala ta toshe, a kuma tabbatar da cewa matatun ruwan masana'antu suna aiki a kullum.

Lamarin ya shafi aljihu da lafiyar mazaunin birni kai tsaye. Bandar kifin da ake saukewa a kasuwar Galadima, da kayan miyan da ake ciniki a 'Yankaba, da fatar da ake fitarwa waje daga Challawa, duk suna rataye ne da ruwan kwari ɗaya. Abin da aka zuba a magudanar Sharaɗa, da ranar da aka buɗe ƙofar Tiga, suna cikin abubuwan da ke yanke yawan kifin da masuncin Nguru zai kama, da kuma farashin da zai iso da shi Kano.